Wa Zan Kira Idan Bututu Ya Fashe?

Akwai wani bututun ruwa da ya fashe a bakin layinmu. Ranar da na fara lura da shi ɗan danshi ne kawai a gefen titi, kamar wani ya zubar da ruwan wanki. Bayan mako guda ya zama ƙorama. Bayan wata guda kwaltar wurin ta zaizaye, rami ya buɗe, masu mota suna kaucewa, yara 'yan makaranta suna tsallakawa da takalma a hannu. A daidai lokacin kuma gidajen da ke can ƙarshen layi famfonsu ya ƙafe, domin ruwan da ya kamata ya isa gare su shi ne ke malala a titi. Na je ofishin da nake zaton alhakinsa ne. Aka ce ai tunda titi ya lalace, sai in nemi masu kula da hanyoyi. Masu hanyoyi suka ce su ba sa taɓa bututu. Na koma wurin na farko, aka ce mai sa hannu ya fita, in dawo wani lokaci. Babu wanda ya wulaƙanta ni, kowa da fara'a ya karɓe ni. Amma na fito hannu rabbana: ba takardar shaidar na kai ƙorafi, ba sunan wanda zai zo, ba ranar da zai zo.

Tun daga ranar nake juya tambayar nan a raina: wai shin me mazaunin birni yake so hukuma ta yi masa? In ka saurari masu neman ƙuri'a, sai ka ɗauka amsar ita ce gadar sama, da katafaren filin wasa, da sabuwar unguwa mai dogayen benaye. In kuwa ka zauna cikin mutane da yamma, bayan an taso daga aiki, wata magana za ka ji. "Yau an kawo ruwa?" "Masu kwasar shara sun zo kuwa?" "Fitilar kan kwanar nan har yanzu ba a gyara ta ba?" "Kin samu ganin likita, ko an ce ki koma gobe?" Duk tambayoyin nan abu ɗaya suke nema, wato tabbas. Mutum ya kwanta da dare ya san in ya murɗa famfo da asuba ruwa zai zubo. Ya san in gobara ta tashi ya kira 'yan kwana-kwana za su zo, kuma da ruwa a motarsu. Ya san in abu ya lalace akwai wanda za a kira, mai suna, mai ofis, wanda zai amsa. A ganina duk hukumar birnin da ta kasa ba mutane wannan, ta kasa a aikinta na farko, komai yawan gine-ginen da ta buɗe.

Dalilin yana cikin yanayin zaman birni kansa. Mutumin karkara yana da tasa wahalar, ba kaɗan ba, amma akwai abubuwan da yake iya yi wa kansa. Yana da filin da zai haƙa rijiya nesa da masai, yana da inda zai binne shararsa, abin da ya zubar ba lallai ya shafi kowa ba. Wanda ya shigo birni a bakin gari ya ajiye wannan damar. Ɗaki ɗaya ya kama haya, ko hawa na huɗu a bene, bangonsa shi ne bangon maƙwabcinsa. Ba shi da inda zai haƙa, ba shi da inda zai binne. Ƙazantar gidan sama ita ce cutar gidan ƙasa, kwatar da aka toshe a unguwar tudu ita ce ambaliyar unguwar kwari. Ruwa da shara da magudana da hanya da tsaro a birni sun fi ƙarfin gida ɗaya, ko da mai gidan attajiri ne. Dole sai an yi su tare, kuma don wannan aikin na tare aka kafa hukuma, ake tara mata haraji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 1950 kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane. A 2018 sun kai kashi 55, ana kuma hasashen su kai kashi 68 nan da 2050. Fiye da mutum biliyan 1 suna rayuwa a unguwannin marasa galihu. Kullum ƙaruwa ake yi a yawan mutanen da ba su da yadda za su yi sai hukuma ta yi aikinta.

Birnin Landan da gawawwaki ya koyi wannan. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum sama da 600. A zamanin, yawancin masana sun yarda cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, yana tambayar inda kowane gida ke ɗibar ruwa, sai ya ga sawun duk yana komawa ga famfo ɗaya da ke kan titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano rijiyar tana dab da wani ramin masai mai yoyo. Mutanen da suka mutu babu abin da suka yi illa shan ruwan da aka ajiye musu.

Shekara 4 bayan haka, a zafin 1858, kogin Thames da duk ƙazantar birnin ke kwarara cikinsa ya yi wari har ya addabi 'yan majalisa a gininsu da ke bakin kogin. Cikin 'yan makonni suka zartar da dokar da aka yi shekaru ana jan ƙafa a kanta, aka ba injiniya Joseph Bazalgette damar gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa. Wannan wurin yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna shi: dubban talakawa sun mutu a annobar 1832 da ta 1849 da ta 1854, amma ba a tashi tsaye ba sai da warin ya shiga hancin masu mulki. Abin da ya biyo baya shi ne abin koyi. Bazalgette ya gina manyan magudanai na kimanin kilomita 130, ya kuma yi su da faɗin da ya zarce buƙatar mutanen zamaninsa, domin ya san birni ƙaruwa yake yi. Tun ran gini ran zane. Da kwalara ta dawo a 1866, ɓarnarta mafi muni a gabashin birnin ta faɗa, ɓangaren da ba a gama haɗa shi da sabon tsarin ba, kuma daga nan ba ta sake yi wa Landan irin wannan kamu ba. Har yau magudanan suna aiki, babu mai ganinsu. Mutum zai yi shekara 50 a birnin bai taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba, kuma samun damar mantawa da shi ɗin nan shi ne ribar aikin.

Idan hukuma ta janye hannu, mutane ba sa zama ƙishirwa ta kashe su. Kowa sai ya zama hukumar kansa. Mai hali ya haƙa burtsatse, ya sayi janareta ko ya kafa sola, ya ɗauki mai gadi, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi, in ciwo ya zo ya nufi asibitin kuɗi. Wasu na kallon wannan a matsayin ƙwazo da dogaro da kai, har ana yabawa. Ni asara nake gani, kuma wanda ya fi kowa biyan kuɗinta shi ne wanda ba shi da ko sisi. Rahoton ci gaban bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya nuna cewa mazauna unguwannin talakawa a Jakarta da Manila da Nairobi suna biyan ninki 5 zuwa 10 na abin da masu kuɗin biranen nasu ke biya a kan adadin ruwa iri ɗaya. Dalilin a fili yake. Mai kuɗi bututu ne ke kawo masa har ɗaki, talaka kuwa a jarka yake saye daga hannun 'yan ga-ruwa, waɗanda su ma saye suka yi daga mai tanka, kuma duk hannun da ruwan ya bi sai ya ɗora ribarsa. Ga lokacin da mata da yara ke kashewa a layin ruwa, wanda ba ya shiga lissafin kowa.

Ita ma ƙasa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. A Jakarta ta Indunusiya, da yake ruwan famfo bai kai ga ɗimbin mazauna ba, gidaje da otal-otal da masana'antu sun yi shekara da shekaru suna zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ƙasar tana lotsawa. Wasu sassan arewacin birnin sun riƙa nutsewa da kusan santimita 25 a shekara, kuma kusan kashi 40 na birnin yanzu yana kwance ne ƙasa da saman ruwan teku. A 2019 gwamnatin Indunusiya ta sanar da cewa za ta mayar da fadar mulki tsibirin Borneo. Gwamnati na iya tashi, amma mutum miliyan 10 da ke cikin Jakarta ba su da inda za su kwashi gidajensu su kai. Kowane mai burtsatse a can yana da hujjarsa, hujja mai ƙarfi ma: iyalinsa na buƙatar ruwa. Da hujjojin suka taru, gari suke nutsarwa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a aunawa da santimita, ita ce ma ta fi damuna. Mutanen da in sun yi magana ake ji, masu ilimi da dukiya da sanayya a ofisoshi, su ne na farkon ficewa daga dogaro da ayyukan hukuma. Da zarar ruwan gidansu bai rataya a kan famfon gwamnati ba, fashewar bututu ta daina zama damuwarsu. Jami'in da ke kula da asibitin gwamnati, in shi da iyalinsa ba a nan suke kwanciya ba, ba zai ji zafin rashin magani a jikinsa ba. Sai a bar talaka shi kaɗai da busasshen famfo, ga shi ba shi da lambar wayar kowa. Haka ayyukan jama'a ke mutuwa a tsaye, ba tare da an taɓa zama an yanke shawarar kashe su ba.

To me ya sa ake gudun gyara ana rububin sabon gini? Sabon aiki yana da ranar buɗewa, da 'yan jarida, da allo mai ɗauke da sunan wanda ya yi. Yana kuma da babbar kwangila. Yashe kwata kafin damina, da canza ƙwan fitilar titi, da sayen tayar motar ɗaukar marasa lafiya, babu mai yi musu biki. Wanda ya yi su da kyau, sakamakonsa shi ne babu abin da ya faru: ambaliya ba ta zo ba, annoba ba ta ɓarke ba, kuma da wuya mutum ya nemi ƙuri'a da abin da bai faru ba. Shi ya sa ake gina asibiti a manta da albashin ma'aikatan jinya, a sayo motocin kwasar shara a manta da kuɗin mai da kayan gyara, bayan shekara biyu ka gan su jere a bayan ofis, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Kada a ce talauci ne kaɗai ke kawo haka. A ranar 14 ga Agusta, 2018, gadar Morandi da ke birnin Genoa na Italiya ta rufta, mutum 43 suka mutu. A 1967 aka buɗe ta ana alfahari da ƙwarewar da aka zuba, kuma an daɗe da sanin tsatsa na cin ƙarafan da ke riƙe da ita.

Akwai maganar da ake dangantawa ga Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, cewa da alfadari zai yi tuntuɓe a Iraki, yana tsoron Allah ya tambaye shi don me bai daidaita masa hanya ba. Ina son maganar nan domin ba ta ambaci ginin fada ko cin garuruwa ba. Rami ne a hanya, a gari mai nisa, wanda zai faɗa ciki kuma dabba ce da ba ta iya kai ƙara, amma shugaba ya ɗauki ramin a matsayin abin da ke wuyansa.

Shi ɗan'adam kuwa yana iya kai ƙara, kuma yana kaiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Matsalar ita ce samun wanda zai ji. A watan Afrilu na 2014 aka sauya wa birnin Flint na jihar Michigan a Amurka wurin ɗibar ruwa, aka koma kogin Flint domin rage kashe kuɗi. A lokacin birnin yana hannun wani manaja da gwamnan jiha ya naɗa, mazauna ba su zaɓe shi ba, ba su kuma da ikon cire shi. Ba a zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai dalmar tsofaffin bututan ta riƙa narkewa cikin ruwan sha. Mutane suka riƙa zuwa taro da kwalabe cike da ruwa mai launin tsatsa, suna cewa yana wari, yana sa musu ƙuraje, ana ce musu lafiyarsa ƙalau. A watan Oktoba na shekarar, kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa ta injunan mota saboda yana sa ƙarfe tsatsa. Ruwan da aka ga yana cin ƙarfe, aka ci gaba da ba jarirai shi har kusan shekara guda bayan haka. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito a Satumbar 2015 da sakamakon gwajin jinin yara, sannan hukuma ta sauko. Gubar dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

A Landan ma mazauna benen Grenfell sun yi shekaru suna ƙorafi a kan hatsarin gobara, har a watan Nuwamba na 2016 suka yi gargaɗi a rubuce cewa sai an yi babban bala'i kafin a waiwaye su. A ranar 14 ga Yuni, 2017, benen ya kama da wuta, mutum 72 suka rasa rayukansu. Bene ne na ƙaramar hukuma, a ɗaya daga cikin yankuna mafi arziki a Ingila. A Flint da Grenfell duka, bayanin da zai ceci rai yana nan tun farko, a bakin mutanen da abin ya shafa. Saboda haka idan ɗan birni ya ce yana so a saurare shi, maganar ta wuce neman girmamawa, ransa da na 'ya'yansa yake karewa.

Kuma sauraron nan yana da tsari, ba sai an dogara da kirkin wani jami'i ba. Birnin Baltimore na Amurka ya buɗe lambar waya 311 a 1996 domin ƙorafe-ƙorafen da ba na gaggawa ba, birnin New York ya bi sahu a 2003. Amfaninta shi ne mai ƙorafi ba ya buƙatar sanin wane ofis ne ke da bututu, wanne ke da titi. Ya faɗi matsala a wuri ɗaya, a ba shi lambar da zai bi sawu da ita, rarraba aikin ya zama na hukuma. Inda babu kwamfuta, littafin rajista da biro da hatimi za su yi, muddin akwai wanda ke buɗe littafin kowace safiya yana tambayar me aka yi.

Birnin Surat na Indiya ya nuna haka. A watan Satumba na 1994 annobar nan da ake dangantawa da ɓeraye ta ɓulla a can, dubban ɗaruruwan mutane suka tsere cikin 'yan kwanaki. Birni ne mai arzikin yankan lu'u-lu'u da masaƙu, amma ya yi ƙaurin suna da ƙazanta. A 1995 aka turo sabon kwamishinan birni, S. R. Rao. Ya ɗora wa shugaban kowace shiyya ta garin iko da alhaki, ya tilasta wa manyan jami'ai barin ofis su yi safiyarsu a kan titi suna duba shara da kwata. Aka kafa tsarin karɓar ƙorafi mai wa'adin amsawa, aka fara cin tarar masu zubar da shara, aka rushe gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, har da na masu faɗa a ji. Cikin kimanin shekara 2 Surat ta shiga sahun biranen da suka fi tsafta a Indiya, da ma'aikatan nan dai na da, da mutanen garin nan dai na da.

Na san abin da wani ma'aikacin hukuma zai ce, kuma akwai gaskiya a bakinsa. Zai ce ku mutanen gari kuna son ruwa amma ba kwa biyan kuɗinsa, kuna kukan ambaliya amma da hannunku kuke juye shara a kwata, ku ke gini a kan hanyar ruwa, ku ke jona wuta ta bayan mita. Zai ce kuɗin da ke shigowa ko albashi ba ya biya. Ban musa ba. Na taɓa ganin maƙwabci yana zuba shara a magudana da dare, na kuma yi masa magana. Amma tambayar ita ce wa zai fara. Mutum ba ya son biyan kuɗin abin da bai gani ba, ba ya kuma girmama dokar da ya ga manya suna takawa. Hukuma ce ke da iko da kuɗi da ma'aikata, ita ya kamata ta fara sa ƙafa.

A 1993, bayan shekarun yaƙi, hukumar ruwan Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ta kusa mutuwa. Sama da kashi 70 na ruwan da take tacewa yana salwanta ta hanyar yoyo da sata, ruwan yana zuwa na kimanin awa 10 a rana, kuma ƙaramin ɓangare na birnin kawai yake kaiwa. Wasu ma'aikatan hukumar da kansu suke jona wa mutane na sata. Aka naɗa Ek Sonn Chan ya shugabance ta. Ya sa mita a gidaje, ya canza tsofaffin bututan, ya kafa ayarin gyara mai fita dare da rana, ya ƙara wa ma'aikata albashi, ya hukunta masu cin hanci. Inda ya fi shan wuya shi ne sa manya su biya, wato ma'aikatu da sojoji da manyan jami'an da suka saba shan ruwa kyauta. Da talaka ya ga babba na biya, ya ga kuma ruwa na zuwa, sai ya biya. Kafin 2010 asarar ruwan ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa na zuwa awa 24, ya kai kusan kashi 90 na birnin, aka kuma sassauta wa marasa ƙarfi kuɗin jona bututu. Talakan da aka ja wa famfo, kuɗin da yake kashewa a kan ruwa raguwa ya yi, domin ya rabu da sayen jarka.

Wani lokaci kuma hukuma ba ta da abin bayarwa sai gaskiya, ita ma tana aiki. Bayan shekara 3 na fari, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana daga 1 ga Fabrairu, 2018. Hukuma ta riƙa fitar da adadin ruwan da ya rage a madatsu kowane mako, ta kuma faɗi ranar da za a rufe famfuna in ba a rage sha ba. Mutane suka rage amfani da ruwa da kusan rabin abin da suke yi kafin farin, ranar ba ta zo ba. Sai dai akwai abin da bai kamata a manta ba a labarin: mazauna unguwannin bukkoki na birnin sun daɗe suna bin layi a famfon haɗaka, abin da sauran gari ke kira bala'i mai zuwa, su shi ne rayuwarsu ta kullum.

Masu cewa mutane su daina jiran gwamnati suna yawan kawo labarin unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, inda tun daga 1980 Akhtar Hameed Khan da abokan aikinsa suka taimaka wa mazauna su gina magudanar ƙazanta a layukansu da kuɗinsu da guminsu, layi bayan layi, har mafi yawan unguwar ta samu. Aiki ne abin yabo. Amma tsarin nasu rabon aiki ne: banɗaki da bututun cikin layi na mazauna, babbar magudanar da za ta kwashe na layuka duka da wurin tace ƙazanta na hukuma. In hukuma ba ta yi nata ba, ƙazantar layi ɗari a rafi ɗaya za ta taru ta dawo wa mutane. Aikin gayya yana da iyaka, kuma iyakar tana nan a bakin layi. A Porto Alegre ta Birazil kuwa, da aka fara ba mazauna damar zaɓar abin da za a yi da wani kaso na kasafin kuɗin birni a 1989, abin da unguwannin talakawa suka riƙa sawa a gaba shi ne ruwa da magudana da kwalta a layi.

Fushin mutanen birni ba ya ba ni tsoro. Mutanen Beirut da suka cika tituna a 2015 saboda shara ta taru ba mai kwasa, da mutanen Santiago ta Chile da suka fito a Oktoban 2019 bayan an ƙara peso 30 a kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk suna tsammanin wani abu daga hukumominsu, shi ya sa suka fusata. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ranar da mutane suka daina tsammani, ranar da "da babu gara ba daɗi" ta zama ma'aunin da ake auna hukuma da shi. Sai ka ga an yi wa unguwa kwalbati ɗaya an fito ana ta godiya, kamar daga aljihun wani aka ciro kuɗin. Godiya hali ne mai kyau, ban ce a daina ba. Amma kuɗin na jama'a ne, albashin wanda ya sa hannu ma daga harajinsu ya fito, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ranar 28 ga Yuli, 2010, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsaftataccen ruwan sha da tsaftar muhalli haƙƙi ne na ɗan'adam. Yaron da ya taso yana ganin ana roƙon haƙƙi kamar alfarma, in ya girma ya zauna a kujerar ofis, shi ma a matsayin alfarma zai riƙa bayarwa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace hukuma ba. In ba za a iya ba da ruwa kullum ba, a faɗi ranakun da za a bayar, a kuma cika. In motar shara sau ɗaya za ta zo a mako, a san ranar, ta kuma zo. A liƙa sunan jami'in da ke kula da unguwa da lambar wayarsa a inda kowa zai gani, tare da nawa aka ware wa gyara a bana. Mutum yana iya tsara rayuwarsa da kaɗan in ya san yaushe zai zo.

Bututun layinmu dai maƙwabta suka haɗa kuɗi, aka kira mai gyaran famfo ya ɗaure shi da roba, yoyon ya ragu amma bai tsaya ba. Na ba da nawa kason. Daga nan na zauna na rubuta takarda kwafi 2, mutum 11 na layin suka sa hannu, na kai ofishin farkon nan, na ce a buga mini hatimi da kwanan wata a kan nawa kwafin. An buga. Yau kwana 9 ke nan. Ranar Litinin zan koma da ita, kuma biyu daga cikin mutanen ƙarshen layi, waɗanda famfonsu ya ƙafe, sun ce tare za mu je.